Yadda Ake Zaɓen Ƙaramar Bindigar da Za a Riƙa Ɗauka a Ɓoye

Kafin mutum ya fara tunanin wace bindiga ce za ta dace da hannunsa, wajibi ne ya fara sanin ko dokar inda yake zaune ta ba shi damar ɗaukarta ma tukuna. A ƙasashe da yawa ƙofar a rufe take ruf. Birtaniya ta haramta wa fararen hula mallakar galibin ƙananan bindigogi tun 1997, bayan kisan da aka yi wa yara a makarantar garin Dunblane a 1996, kuma a Japan ma haramcin yana nan daram. Inda wannan al'amari ya fi yaɗuwa shi ne Amurka, domin tun daga 2013, lokacin da jihar Illinois ta zama ta ƙarshe wajen buɗe ƙofa, kowace jiha tana da hanyar da ɗan ƙasa zai bi ya ɗauki bindiga a ƙarƙashin tufafinsa bisa doka. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar Bruen cewa jiha ba za ta tilasta wa mai neman lasisi ya kawo wani dalili na musamman ba, kuma a yanzu fiye da rabin jihohin ba sa neman lasisi sam, ciki har da Arizona tun 2010, da Texas tun 2021, da Florida tun 2023. Duk da haka, dillali mai rajista ba ya sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma sai mai saye ya cike takardar gwamnati mai lamba 4473 an binciki tarihinsa. Lasisin wata jiha ba lallai ne ya yi aiki a maƙwabciyarta ba, sannan akwai wuraren da ba a shiga da makami ko da lasisi, kamar gine-ginen gwamnatin tarayya da gidajen waya da ɓangaren filin jirgin sama da ke bayan wurin bincike.

Idan an gama da doka, sai a zo ga gaskiyar da mafi yawan sababbin masu saye ba sa son ji: gwargwadon ƙanƙantar bindiga, gwargwadon wahalar harbi da ita. Mutum yakan shiga shago ya hango wata 'yar mitsitsiya da za ta ɓace a tafin hannu, ya ce wannan ce daidai da shi tunda bai ƙware ba, alhali kuwa ita ce mafi buƙatar ƙwarewa. Dalilin a bayyane yake. Harsashi iri ɗaya yana tura bindiga baya da ƙarfi iri ɗaya, amma bindiga mai nauyi tana shanye wani ɓangare na wannan shuri, mara nauyi kuwa tana miƙa shi kai tsaye ga wuyan hannu. Ƙotarta gajera ce, ta yadda ƙaramin yatsa yakan rasa wurin zama ya yi ta reto a ƙasa, sannan tazarar da ke tsakanin alamar saiti ta gaba da ta baya ba ta da yawa, don haka ɗan karkacewa kaɗan a hannu yakan zama kuskure babba a kan abin da aka nufa. A ɗaya gefen kuma, babbar bindiga mai daɗin harbi tana da nauyi, tana turo riga, tana takura wa ƙugu a cikin mota, kuma ba a jimawa mai ita yakan fara barinta a gida. Saboda haka abin da ake nema shi ne mafi girman bindigar da mutum zai iya jure ɗauka tun daga safe har dare ba tare da ta bayyana ba, kuma a ganina wannan ma'auni ɗaya ya fi duk wani talla da kamfanoni suke yi amfani.

Misalai na zahiri za su fi fayyace zancen. Glock 19, wadda ta fito a 1988, ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi: tana cin harsashi 15, bututunta ya kai inci huɗu, nauyinta kuma kusan giram 670 ne ba tare da harsashi ba. Kusan kowa yana iya koyon harbi da ita cikin sauƙi, amma mai siririn jiki ko mai sa tufafi marasa kauri zai sha fama kafin ya ɓoye ta. A can ƙarshen ma'auni akwai Ruger LCP ta 2008, wadda nauyinta bai wuce giram 270 ba, tana shiga aljihun wando ba a sani ba, sai dai mutane da yawa sukan ajiye ta bayan harsashi ashirin ko talatin a filin koyon harbi saboda zafin da take sa wa tafin hannu. Tsakanin waɗannan biyu ne kasuwa ta sauya fuska a 2018, lokacin da kamfanin SIG Sauer ya fito da P365, mai kauri kusan inci ɗaya da nauyi kusan giram 500, amma tana cin harsashi goma, alhali takwarorinta a girma kamar Glock 43 ta 2015 shida kawai suke ci. Sauran kamfanoni suka biyo sahu: Springfield Hellcat mai cin 11 da Glock 43X mai cin goma a 2019, sai Shield Plus ta Smith & Wesson a 2021. Mafi yawan masu neman bindigar ɗauka a yau a cikin wannan rukuni suke samun abin da ya dace da su.

Wani abin lura da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙota ce take tona asiri fiye da bututu. Bututu yana kwance ne a cikin wando tare da cinya ko ƙugu, ƙota kuwa ita ce take leƙowa sama da bel, kuma ita ce take zana siffarta a jikin riga idan mutum ya sunkuya. Don haka wanda yake shakka tsakanin bindigogi biyu ya kwatanta tsawon ƙotarsu da kaurinsu kafin ya damu da tsawon bututu, domin ƙarin rabin inci a bututu yakan taimaka wa saiti ba tare da ya ƙara wahalar ɓoyewa ba.

Game da girman harsashi, muhawarar da aka shafe shekaru ana yi ta lafa sosai. Bayan musayar wutar da aka yi a Miami a 1986, inda jami'ai biyu na FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayyar Amurka, suka rasu, hukumar ta kafa ƙa'idar cewa harsashin da za a dogara da shi ya ratsa inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren sinadari da ake gwaji da shi a madadin tsokar jiki. Ta koma ga manyan harsasai na tsawon shekaru, sannan a tsakiyar shekarun 2010 ta dawo ga mai faɗin milimita 9, saboda harsasan zamani na wannan girma suna cika ƙa'idar, shurinsu bai kai na manya ba, kuma jami'ai sun fi samun abin da suka nufa da su. Ga farar hula akwai ƙarin dalili, wato arha, domin wanda harsashin atisayensa yake da tsada ba zai yi atisaye ba. Harsashin .380, wanda maƙerin bindigogi John Browning ya ƙirƙira a 1908, ya fi rauni, amma yana da muhallinsa ga wanda ba zai iya jure shurin milimita 9 ba. A nan ma doka tana da bakin magana: jihohi irin su California da New York sun taƙaita gidan harsashi zuwa goma, New Jersey kuma ta sa takunkumi mai tsauri a kan ɗaukar harsashi mai rami a baki, wanda shi ne aka fi amfani da shi don kare kai a sauran wurare.

Bai kamata a manta da bindiga mai juyi ba, wadda harsasanta suke zaune a cikin ganga mai zagayawa. Smith & Wesson sun fara ƙera jerin ƙanananta na zamani a 1950, kuma samfurin 642 na yau yana cin harsashi biyar na .38, da nauyi ɗan sama da giram 400. Sarrafa ta ba shi da rikitarwa, kuma mutum yana iya buɗe gangar ya gani da idonsa ko akwai harsashi ko babu. Sai dai kunamarta tana da tauri, tana buƙatar jan da ya kai kusan kilo biyar, ninki biyu ke nan na kunamar Glock, kuma riƙe saiti a lokacin wannan doguwar ja aiki ne da sai an daɗe ana koyo. Ana yawan tura mata da tsofaffi wajen irin wannan bindiga da sunan sauƙi, kuma ina ganin wannan shawara ce da take cutar da su fiye da yadda take taimaka musu, domin mai raunin yatsu ne ya fi kowa wahala da kunama mai tauri. Wanda matsalarsa ita ce jan marfin sama baya don ɗana bindiga ya gwada irin su Shield EZ, wadda aka fito da ita a 2018 musamman domin masu ƙarancin ƙarfin hannu.

To, yaya ake gwajin a aikace? A shago, bayan mai shago ya cire gidan harsashi ya ja marfin baya, kuma mai saye ya leƙa da idonsa ya tabbatar babu komai a ciki, sai ya riƙe bindigar da hannunsa mai ƙarfi, bakinta yana fuskantar inda ba kowa. Ƙota ta zauna daidai a tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, ta yi layi ɗaya da dantse. Daga nan ya duba ko tsokar gaɓar farko ta manuniya tana hawa kan kunama ba tare da ya murɗa hannunsa ya zagayo ba. Idan sai ya karkata riƙon kafin yatsa ya kai, ƙotar ta yi masa girma, idan kuma yatsan ya zarce har gaɓa ta biyu, ta yi masa ƙanƙanta. Ya gwada danna maɓallin sakin gidan harsashi da babban yatsa, ya ja marfin baya sau biyar ko shida a jere, kuma ya nemi izinin jan kunama a fanko yana kallon alamar saiti ta gaba, ya ga ko tana girgiza a daidai lokacin da kunamar ta saki. Idan bindigar tana da sakatar kariya ta hannu, wadda take hana ta tashi har sai an buɗe ta, ya tabbata yatsansa yana kaiwa gare ta ba tare da ya sassauta riƙo ba, ya kuma sani cewa sai ya maimaita buɗe ta sau ɗaruruwa kafin hannu ya saba da yin hakan a lokacin firgici.

Wannan duk share fage ne, domin bindigar da ta yi daɗi a hannu a gaban kanta tana iya zama wata aba daban idan ta tashi. Filayen koyon harbi da yawa a Amurka suna ba da hayar bindigogi, kuma kuɗin hayar uku ko huɗu a yini ɗaya bai kai asarar sayen wadda ba ta dace ba. Mutum ya harba harsashi hamsin da kowace ɗaya a tazarar yadi biyar zuwa bakwai, a hankali da farko, sannan biyu-biyu a jere, ya rubuta sunan kowace bindiga a kan takardar da ya harba, ya jera takardun ya duba wadda ramukanta suka fi haɗuwa wuri guda. Takardar ba ta san farashi ko sunan kamfani ba. Bayan saye kuma, masu koyarwa sukan ba da shawarar a harba 'yan ɗaruruwan harsasai, tare da wasu daga ainihin irin da za a riƙa ɗauka, kafin a amince cewa bindigar ba ta sarƙewa.

Kube da bel rabin zaɓin ne, kuma ya kamata a ware musu kuɗi tun a lissafin farko. Kube nagari an ƙera shi ne daidai da samfurin bindigar, yana rufe kunama gaba ɗaya ta yadda babu yatsa ko maɓalli ko igiyar riga da za ta taɓa ta, yana riƙe bindigar ko da an kifa shi, kuma bakinsa ba ya rufewa bayan an zare ta. Na leda mai tauri ko na fata mai kauri su ne suke cika waɗannan sharuɗɗa, na yadi mai laushi kuwa yakan lanƙwashe ya shiga cikin zoben kunama. Yawancin bindigogin zamani da aka ambata a sama ba su da sakatar hannu, don haka kuben ne kariyarsu, kuma cusa irinsu tsirara a aljihu ko a jaka tare da makullai ganganci ne tsantsa. Lokacin mayar da bindiga cikin kube yana daga cikin lokutan da mutane suka fi harbin kansu bisa kuskure, saboda haka a yi shi sannu a hankali, ana kallo, bayan an janye riga gefe. Wannan ma wani dalili ne na fifita sanannen samfuri a kan baƙo, domin shi ne ake samar wa kube iri-iri da kayan gyara ba tare da wahala ba.

Akwai tambayar da nake ganin ta cancanci a amsa ta kafin a biya kuɗi, wato ina bindigar za ta kwana. Fiye da rabin mutanen da bindiga take kashewa a Amurka kowace shekara su ne suka kashe kansu, kuma yara ƙanana suna iya jan kunamar da iyayensu suke zaton ta fi ƙarfinsu. Bindiga ko dai tana jikin mai ita cikin kube, ko tana kulle cikin akwatin ƙarfe, kuma akwai ƙananan akwatuna masu buɗewa da lambobi ko zanen yatsa cikin daƙiƙa kaɗan, da waɗanda ake ɗaurewa da wayar ƙarfe a ƙarƙashin kujerar mota don lokacin shiga wurin da aka hana makami. Idan a gidan akwai wanda yake fama da matsanancin ƙunci, ko mai bindigar da kansa ya shiga irin wannan hali, ya dace a fitar da ita daga gidan na ɗan lokaci ta hanyar da dokar jihar ta amince, kuma wasu dillalai da filayen harbi suna karɓar irin wannan ajiya. A haɗa kuɗin akwatin da na kube da na ajin horo a wurin ƙwararren malami, wanda zai koyar da dokar kare kai ta jihar tare da harbin, sannan abin da ya rage a aljihu shi ne kuɗin bindigar.