Za ku tura ma'aikaci ƙasar waje? Ku raba albashinsa biyu

Masu kula da ma'aikata, kada ku yanka wa wanda za ku tura waje albashinsa gaba ɗaya da naira. Kuɗin haya, cefane, mota da makarantar yara, ku biya shi da kuɗin ƙasar da zai zauna. Ragowar, na ajiya da na iyalan gida, ya shiga asusunsa na Najeriya.

Ga dalili. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yuni, wato aka bar kasuwa ta riƙa yanke farashinta, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Wanda ke Accra da alawus na naira, kuɗinsa ya narke a hannu, mai gidan haya kuwa ba ruwansa da naira. Kuma a can sukan nemi hayar shekara ɗaya ko biyu tun kafin a ba da makulli, don haka kamfani ya biya wannan kai tsaye.

Ku sa a takardar yarjejeniya: za a sake duba alawus duk wata shida, ko da zarar canji ya motsa da kashi 10 cikin ɗari.

Amma fa a kula. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda ke kan kwantiragin can ana biyansa ta tsarin kare albashi na gwamnati, rabon ba zai yiwu yadda kuke so ba. Sannan a ƙasashe da yawa, in mutum ya kai kwana 183, harajin can ya hau kansa, har a kan kason da ya shiga asusun gida. Ku fara ƙirga kwanakin tun ranar da ya sauka.