Yadda Ake Tara Tsofaffin Finafinan Soja na Waƙa da Barkwanci na Hollywood

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanonin Hollywood sun yi ta fitar da finafinan da suka haɗa rayuwar bariki da waƙa da rawa da raha, domin a sanyaya zukatan iyalan sojoji. Masu tara kayan tarihi suna ƙaunarsu saboda a cikinsu ake ganin yadda Amurka ta so a kalli sojanta a wancan zamani.

Mai son farawa ya fara da faifan DVD, amma ya bincika wanda ya buga shi. Fim ɗin This Is the Army na 1943, wanda Ronald Reagan ya fito a ciki, haƙƙin mallakarsa ya faɗi, don haka kowa na iya bugawa, kuma kwafe-kwafe masu dusasshen launi sun cika kasuwa. A nemi bugun kamfanin Warner na 2008 da aka gyara. A sani kuma cewa a cikin fim ɗin akwai wurin da fararen fata suka shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙaƙe, abin da ba shi da daɗin kallo, ko da yake tarihi ne da bai kamata a ɓoye ba. Hoton finafinan da suka riga 1953 ba shi da faɗi sosai, saboda haka idan ya cika allon talabijin na zamani, to an datse shi ko an miƙar da shi.

Fasta, wato babbar takardar tallan fim, ita ce ta fi bukatar natsuwa, domin a nan ake yawan cutar mutane. Ta asali da aka fi sani tana da inci 27 a faɗi da 41 a tsawo, kuma a ninke ake aika ta gidajen silima, don haka alamar ninki ba aibi ba ce. A duba gefen ƙasa, inda sau da yawa ake buga lambar da ke nuna shekara. Idan harafin R ya zo kafin lambar, fastar ta lokacin da aka sake fitar da fim ɗin ce, kuma yawanci farashinta bai kai na ta farko ba. Ƙananan katunan talla masu inci 11 da 14 takwas-takwas suke zuwa, kuma sun fi sauƙin kuɗi ga sabon shiga.

Wanda ya kai ga sayen fim na naɗi mai milimita 16 ya shinshina gwangwanin kafin ya biya. Wari mai tsami alama ce ta cewa fim ɗin ya fara ruɓewa, kuma zafi da danshi suna hanzarta lalacewar, don haka a ware shi daga sauran, a ajiye komai a wuri mai sanyi da bushewa.