Yadda za ka gwada rile na ƙarshen layi a na'urar gano hayaƙi

Wannan na masu na'ura mai waya huɗu ne: waya biyu na kawo wuta, galibi bolt 24, biyu kuma na kai saƙo zuwa fanel, wato akwatin da ke lura da duk na'urorin.

Fara sanar da maigadi da mutanen ginin, kada ƙararrawa ta firgita su.

Sai ka hau tsani zuwa na'ura ta ƙarshe a layin. A nan rile ɗin yake zaune, ba a cikin fanel ba; shi ne ɗan makunnin da ke sa fanel ya gane in wuta ta yanke wa na'urorin. Na sha ganin masu aiki sun maƙale shi can don gudun wahala, kuma hakan bai tsare komai ba. Duba cewa koyil ɗinsa na kan wayoyin wuta, bakinsa kuma, wato ɓangaren da ke buɗewa da rufewa, a jere yake da rezista ta ƙarshen layin saƙo. Muddin wuta na isowa, bakin a rufe yake, fanel na ganin rezistar, shiru kake ji.

Yanzu koma na'ura ta farko, cire wayar wuta guda. Rile zai saki, layin saƙo ya buɗe, fitilar matsala mai ruwan ɗorawa ta kama.

In ba ta kama ba, mai yiwuwa an haɗa rile ɗin ba daidai ba. Gyara, mayar da wayar, ka sake saita fanel.