Yadda za ka haɗa kowane abu da kowane daga jeri da yawa a Python

Yayana yana da shagon takalma a Terminus nan Jos, ya ce in fitar mishi da duk irin takalmin da zai iya shigowa shagon a kwamfuta, kala uku, lamba 40 zuwa 43, na fata ko na roba. Ni kuma na jera for, wato umarnin maimaita aiki, guda uku ɗaya cikin ɗaya, ya yi aiki kam, amma da ya ce a ƙara na maza da na mata sai kod ɗin ya fara gangarawa dama kamar matattakala. Ashe tun Python 2.6 a 2008 akwai maganin abin, wato product, wani umarni da ke cikin itertools, ƙunshin kayan aikin da ke zuwa tare da Python.

Kafin ka taɓa kibod, yi lissafi tukuna. Ninkawa ake yi ba tarawa ba, 3 sau 4 sau 2, wato 24. Masu lissafi suna kiran shi Cartesian product, daga sunan Descartes ɗan Faransa.

Sai ka rubuta:

from itertools import product
kala = ["baƙi", "fari", "ja"]
lamba = [40, 41, 42, 43]
iri = ["fata", "roba"]
for t in product(kala, lamba, iri):
    print(t)

Baƙi 40 fata zai fara fitowa, sai baƙi 40 roba, sannan lamba ta koma 41. Jerin ƙarshe shi ne mai saurin juyawa, kamar mitar kilomita ta mota.

In baka san yawan jerin ba, zuba su cikin babban jeri ɗaya mai suna duka, ka sa tauraro a gabansa, product(*duka), shikenan.

To ga inda mutane ke ƙonewa. product ɗaya bayan ɗaya yake miƙo maka, baya cin memori, amma da ka ce sai ka tara su duka cikin list, wato jeri ɗaya, an shiga uku, jeri 6 masu abu 20 kowanne haɗi miliyan 64 kenan, laptop ɗinka sai fanka ta fara kuka ko da sanyin Jos. Bar shi cikin for ka tace wanda kake so da if, umarnin sharaɗi.

Kuma in jeri ɗaya fanko ne ba abin da zai fito, ko kuskure ba zai nuna ba, sifili sau komai sifili ne. Ni rabin awa na yi ina zargin kwamfuta, ashe jerin iri ne na manta ban cika ba.