Yadda Ake Zaɓen Bakin Salansa Ga Tsohuwar Fijo 504 Da Aka Yi Wa Kwaskwarima

Mutum zai shafe watanni yana farfaɗo da tsohuwar Fijo 504, a yi mata fenti, a ɗinke kujeru, a tayar da inji, sai a ranar ƙarshe ya tura yaron gareji kasuwa ya sayo bakin salansa mai faɗin gwangwanin madara a liƙa mata a baya. Daga ranar, duk wanda ya biyo motar a hanya ba ya ganin fentin da aka kashe wa kuɗi, bututun nan kaɗai yake gani. Masu sabon shiga harkar suna faɗawa wannan rami ne domin suna zaɓen ƙarfen a hannun mai shago, inda yake ƙyalli shi kaɗai, alhali a jikin mota ya kamata a yanke hukunci.

Kafin komai, a sani cewa bakin salansa ado ne. Ba ya ƙara wa inji ƙarfi, ba ya rage shan mai, kuma abin da yake canzawa a ƙarar mota kaɗan ne, domin tukunyar salansa ce take riƙe da sauti. Inda wannan magana ba ta zauna daidai ba shi ne Volkswagen mai ƙirar kunkuru, wadda siraran bututunta guda biyu suke ɗauke da abin rage ƙara a cikinsu, saboda haka canza su yakan canza muryar motar. A Fijo kuwa, wanda yake neman gurnani sai ya koma kan tukunya.

Matakin farko shi ne a tsayar da zamanin da ake son motar ta nuna. An fito da 504 a Faransa a 1968, da zanen kamfanin Pininfarina na Italiya, sannan kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Mota ce mai siraran layuka, da but mai gangarowa ƙasa, kuma masu zanenta ba su yi niyyar a riƙa kallon salansarta ba. Don haka ƙa'idata ita ce baki ya bi bamba. Idan bambar ta kurom ce mai ƙyalli, a sa baki mai ƙyalli. Idan an mayar da bamba da gewayen gilasai baƙaƙe, a sa baƙi marar sheƙi. Bakin nan mai launin shuɗi da ruwan hoda kamar wuta ta lashe shi, da mai zanen saƙa baƙi, na motocin tsere ne na wannan zamani, ba su da wurin zama a jikin 504.

Mataki na biyu shi ne awo. Kada a dogara da abin da littafin mota ya faɗa ko abin da wani mai irin motar ya saya, domin da wuya a sami 504 da ta kawo yau da bututunta na asali. Masu walda sun sha yankewa suna jona abin da ya samu. A bari salansa ta huce, a goge tsatsar ƙarshenta da sanfefa, sannan a naɗa zare a jikin bututun, a auna tsawon zaren da milimita, a raba da 3.14. Abin da ya fito shi ne faɗin bututun daga waje. Idan zaren ya ba da milimita 141, faɗin ya kama 45 ke nan, wato kusan inci ɗaya da kashi uku cikin huɗu, tun da inci ɗaya milimita 25.4 ne. Wannan lamba ita za a gwada da faɗin cikin mashigar sabon bakin, ba mafitarsa ba, kuma nan ne masu shago suke rikita mai saye, domin lambar da suke kira da alfahari ta mafita ce. A kuma auna tsawon miƙaƙƙen ɓangaren bututun bayan lanƙwasa ta ƙarshe. Idan bai kai santimita 5 ba, maɗauri ba zai sami abin kamawa ba, sai dai a jona guntu.

Mataki na uku shi ne siffa. Injin fetur na yawancin 504 silinda huɗu ne, lita 1.8 ko 2.0, da bututu guda, saboda haka baki guda ya dace da ita, kuma faɗin mafitarsa kada ya wuce ninki ɗaya da rabi na bututun. Ga bututu mai milimita 45, abin da ya faɗa tsakanin 55 da 65 ya wadatar. Idan aka zarce haka, mai kallo daga baya zai hango siririn bututu mai tsatsa a tsakiyar ƙaton rami, asirin adon ya tonu. A cikin siffofin da ake samu, na fi amincewa da zagayayyen baki mai naɗaɗɗen leɓe, domin shi ne ya yi kama da na zamanin motar, kuma ba ya yankar hannun mai wanki. Mai yankan karkace yana yin kyau idan karkatarsa ta bi gangaren bayan motar, amma idan ta saɓa masa sai ya zama kamar an ɗaura shi a juye. Mai lanƙwasa zuwa ƙasa shi ne zaɓin mai injin dizal da duk wanda ba ya son baƙin hayaƙi a bamba, sai dai a hanyar da ba kwalta yana tayar da ƙura a duk lokacin da aka taka totur. Baki biyu da aka raba daga bututu guda kuwa, sau da yawa ɗaya ne yake baƙi ɗayan ya zauna fes, kowa ya gane na bogi ne.

Mataki na huɗu shi ne wanda kusan kowa yake tsallakewa, kuma shi ne yake raba aiki mai kyau da na jeka-na-yi-ka. Kafin a biya ko kwabo, a naɗe kwali daidai faɗi da tsawon bakin da ake tunani, a lulluɓe shi da takarda mai ƙyalli ko a shafa masa baƙin fenti, a zura shi a bututun. Dole ne motar ta kasance a kan tayoyinta huɗu a shimfiɗaɗɗen wuri, ba a kan jak ba, ba kuma ana leƙe daga cikin ramin gareji ba, domin babu wanda zai taɓa kallonta daga can. A ja da baya kamar taku goma a duba daga tsaye, sannan a durƙusa daidai tsayin direban da yake biye, sannan a koma gefe. Daga gefe ne ake gane tsawo. Ƙarshen bakin ya tsaya daidai layin bamba ko ya ɗara shi da santimita ɗaya zuwa biyu. Idan ya fi haka zai ƙona ƙaurin mai sauke kaya daga but, kuma shi zai fara dukan bango idan ana baya. Idan ya nutse a ƙarƙashin mota, hayaƙi zai riƙa dukan bamba da fenti yana taruwa a ƙasan but.

Wannan nutsewar ta fi haɗari a 504 mai dogon baya. Idan irin wannan mota tana gudu, iskar da take bayanta tana juyowa ta manne da ƙofar baya, ta ɗauko hayaƙin ta tura shi ciki ta duk inda robar ƙofa ta mutu, kuma a tsohuwar mota da wuya robar ta kasance lafiya. Hayaƙin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da gyangyaɗi, tana kuma kisa. A mai dogon baya, bakin ya fito sarai daga ƙarƙashin jiki, ya fuskanci ƙasa ko kusurwar gefe, a kuma sabunta robar ƙofa a rana guda.

Har yanzu da kwalin a jiki, a sa mutum uku su zauna a kujerar baya, a jefa buhu a but, a ga inda bayan motar ya sauka. Sifirin ɗin tsohuwar mota ya riga ya gaji, musamman idan an rage mata tsawo don ado, kuma bakin da yake da sarari a motar da ba kowa zai iya gogar tudun rage gudu ko bakin kwata da zarar an yi lodi. Sannan a kama bututun a girgiza shi hagu da dama, sama da ƙasa. A kowane ɓangare a bar tazarar yatsu biyu tsakanin baki da bamba, domin salansa tana rawa a kan robobin da suka rataye ta, kuma tana ƙara tsawo kaɗan idan ta ɗauki zafi. Idan robobin sun tsattsage a canza su yanzu, ba su da tsada, kuma su ne suke hana sabon bakin karkacewa bayan mako guda.

Sai an gama wannan za a shiga kasuwa, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, da kwalin da lambobin awo da ɗan maganaɗisu a aljihu. Ƙarfen da aka shafa wa kurom yana kama maganaɗisu sosai, shi ne mafi araha, kuma damina ɗaya ko biyu yake fara ɓawo. Ƙarfe marar tsatsa mai lamba 409 shi ma yana kamawa, yana jure zafi, amma fuskarsa tana komawa ruwan ƙasa. Mai lamba 304, wanda yake da kusan kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel, ba ya kamawa sai kaɗan, kuma shi ne yake riƙe ƙyallinsa. Akwai mai lamba 201 da shi ma ba ya kamawa alhali bai kai 304 ba, don haka a haɗa da duba kauri da nauyi. Wanda bai sami girman da yake so ba, maƙerin da ya iya aikin ƙarfe marar tsatsa zai yanka masa daga bututu ya goge, sau da yawa a kuɗin da bai kai na shigo da shi ba.

Wajen ɗaurawa, a fara da maɗauri mai noti, a juya notin ya koma sama ko ciki inda ido ba ya kaiwa, a yi mako guda ana hawa. Idan zaman ya gamsar, a ɗiga walda a wuri biyu ta ƙasa, domin baki mai noti kaɗai ba ya kwana da yawa a motar da ake ajiyewa a waje. Kafin walda a cire kan batir, a kuma kare tankin fetur da tiyonsa da faranti, tun da a baya suke. A huda ƙaramin rami a ƙasan bakin don ruwan da salansa take tarawa da safe ya sami mafita. Idan bayan kwana biyu bakin ya yi baƙi ƙirin da busasshen toka, kafireta tana ba da mai fiye da kima. Idan baƙin da bakin ya yi mai maiƙo ne, injin yana cin baƙin mai, kuma a kai wa makanike kafin a ɗauki tsumma.