Yadda ake sauya layin aiki ba tare da an koma zaman gida ba

Yawancin waɗanda na ga sun sha wuya a wannan harkar, ranar da oga ya ɓata musu rai ranar suka rubuta takardar ajiye aiki. Kar ka rubuta tukuna. Ɗauki sati biyu kana rubutawa a waya duk lokacin da ranka ya ɓaci a wurin aiki da abin da ya jawo. In ka duba ka ga sunan mutum ɗaya ne ke ta dawowa, to ai ba sana'ar ce matsalarka ba, wuri kawai za ka canza, wannan kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

In kuwa aikin ne da kansa ya fita ranka, to nan ake tafka ɓarna. Sai ka ga mutum ya ce shi harkar kwamfuta zai koma don ya ji ana samu, ya kwashe ajiyarsa ya biya kwas mai tsada, satifiket ya fito, sai da ya fara ya gano ashe aikin zama ne wuni guda kana laluben kuskure ɗaya a cikin abin da wani ya rubuta, shi kuma ko awa ɗaya ba ya iya zama wuri ɗaya. Ni dokata, ba a biyan kuɗin kwas sai an ɗanɗana aikin. Nemo mutum biyu ko uku da ke cikin layin, kar ka tambaye su nawa suke samu don kowa zai ƙara gishiri, ka ce su faɗa maka jiya me suka yi tun safe har tashi, da wane ɓangare ne suke jin kamar su gudu in ya zo. Daga nan sai ka yi ƙaramin aiki na gaske da dare ko ƙarshen mako, ko kyauta ne, amma ga wanda zai iya duban idonka ya ce bai yi ba. Darussan farawa kam YouTube cike yake da su, ba sai ka kashe ko sisi ba. Ka dai leƙa kwantiraginka, wasu wuraren suna hana aikin gefe.

Maganar kuɗi, ka sa a ranka albashi zai ragu tunda ƙasa za ka koma ka fara. Tara abin da zai riƙe gida wata shida, wasu na cewa uku ya isa, ni ban yarda ba. In kana da iyali su sani tun yanzu.

CV kuma sake shi za ka yi gaba ɗaya, sunan muƙaminka na da ba wanda ya dame shi, rubuta abin da ka iya yi wanda sabon wurin ke buƙata, ka sa ɗan aikin gwajin nan a sama. Gyara LinkedIn ɗinka ma, wato shafin intanet ɗin nan da masu ɗaukar aiki ke duba tarihin aikin mutum.

Sai takardar ɗaukar aiki ta zo hannunka a rubuce sannan ka ba da notis daidai yadda kwantiragi ya ce. Ka miƙa aiki tsaf, kar ka zagi oga ranar tafiya, shi za a kira a tambaya a kanka.