Yadda Ake Gane Nau'in Itacen Mefil da Bambanta Ɗan Aure da Tsiron Iri Kafin a Fara Bonsai

Wanda ya sami ƙaramin itacen mefil (maple a Turance) da niyyar raya shi a matsayin bonsai, wato itacen da ake rainonsa a tukunya ana datse shi don ya zauna ƙarami da siffar babban itace, yana da tambayoyi uku a gabansa: wane jinsi ne, ta wace hanya aka samar da shi, sannan ko sunan da aka rataya masa nasa ne na gaskiya. Ido yana iya warware biyun farko idan an san inda za a duba. Ta ukun kuwa ba a amsa ta da kallon ganye ɗaya ko hoto ɗaya, kuma a nan ne masu farawa suka fi yaudarar kansu.

Da farko a tabbatar cewa itacen mefil ne. Ganyensa yana fitowa biyu-biyu, suna fuskantar juna a kowace gaɓa, kuma ko a hunturu da ganye ya zube, idanun toho suna nan a jere haka. Itacen Liquidambar yana da ganye mai kama da nasa ƙwarai, amma nasa ɗaya-ɗaya yake fitowa. Idan itacen ya kai haihuwa, 'ya'yan mefil tagwaye ne, kowanne da fiffike ɗaya.

Daga nan sai a ƙirga yatsun ganye. Mefil ɗin Japan, wato Acer palmatum, wanda masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin Carl Peter Thunberg ya raɗa wa suna bayan zamansa a Japan tsakanin 1775 da 1776, yana da yatsu 5 zuwa 9 masu tsini, gefensu da haƙora ƙanana. Acer buergerianum, wanda asalinsa gabashin Sin ne da Taiwan, yatsu 3 gare shi masu kallon gaba, kuma idan ya manyanta ɓawonsa yakan ɓare ya bar tabbai masu ruwan lemo. Acer ginnala shi ma 3 ne, sai dai na tsakiyar ya fi sauran tsawo sosai. Acer campestre na Turai yana da yatsu 5 marasa tsini, kuma idan aka karya tsinken ganyensa, farin ruwa kan fito. Acer japonicum da Acer shirasawanum kuwa ganyensu ya kusa zama da'ira saboda yawan gajerun yatsu. 'Ya'yan na farkon suna rataye a ƙarƙashin ganye, na biyun kuma suna ɗagowa sama.

Gano jinsi ba shi ne gano nau'i ba. A cikin Acer palmatum kaɗai akwai nau'o'i masu suna fiye da 1,000, kuma kowane suna yana nufin itace ɗaya ne da wani ya taɓa zaɓa saboda wata siffa, sannan aka riƙa yaɗa shi daga jikinsa, ko ta hanyar aure, ko dasa yankakken reshe, ko sa reshe ya yi saiwa tun yana jikin uwarsa. Iri ba ya riƙe wannan suna. Tsiron da ya fito daga irin nau'in da ake kira Deshojo ba Deshojo ba ne, ko da ya yi ja kamarsa, kamar yadda ɗa ke ɗaukar kamannin mahaifinsa ba tare da ya zama shi ba. Saboda haka duk wanda ke sayar da iri da sunan wani nau'i, abin da yake sayarwa a gaskiya irin Acer palmatum ne kawai.

Wurin da ya fi cancantar a ɓata lokaci a kansa shi ne gindin itacen. A share ƙasar da ke saman tukunya da yatsa har saiwoyin farko su bayyana, sannan a bi gangar jikin daga ƙasa zuwa sama, ana juya tukunyar. Mahaɗar aure yawanci tana cikin santimita 5 zuwa 15 daga ƙasa, kuma tana nuna kanta da tabo a karkace, ko kumburi, ko ɗan lanƙwasa, ko sauyin launin ɓawo farat ɗaya, kore a ƙasa, ja ko ruwan toka a sama. Wani lokaci akan tarar da guntun kututturen da aka yanke daga itacen da aka yi auren a kansa bai gama rufewa ba. Idan wani toho ya fito ƙasa da mahaɗar da koren ganye na yau da kullum alhali saman itacen ja ne, to shakka ta kau. Nau'o'in dissectum masu ganye kamar zare, waɗanda rassansu ke zubowa ƙasa, akan yi musu aure can sama a kan doguwar sanda, don haka a nemi tabonsu a inda rassa suka fara.

Aure ba aibi ba ne ga itacen lambu, amma ga bonsai matsala ce, domin ido yana fara sauka ne a gindi, kuma sassan biyu ba lallai su yi kauri da sauri ɗaya ba, sai kumburin ya ƙara fitowa da shekaru. A nau'o'i masu kaushin ɓawo kamar Arakawa abin ya fi muni, tunda ƙasa zai zauna sumul, sama kuma ya tsattsage. Maganin shi ne a fere zoben ɓawo sama da mahaɗar bayan sabon ganyen da ya fito a ƙarshen hunturu ya yi ƙwari, a naɗe wurin da gansakuka mai laima da leda, a jira saiwa ta cika kafin a yanke. Sai dai ba kowane nau'i ne ke da ƙarfi a kan saiwarsa ba, musamman dissectum da masu ganye mai rodi-rodi.

Rashin tabo ba ya nufin lallai daga iri itacen ya fito. Lokacin sauya tukunya ne saiwa ke ba da labari. Tsiron iri yana da uwar saiwa mai nutsawa ƙasa, ko tabon inda aka datse ta. Yankakken reshe ba shi da ita, kuma saiwoyinsa sau da yawa sukan taru a gefe ɗaya. Wanda aka sa ya yi saiwa a jikin uwarsa kuwa saiwoyinsa suna fitowa a layi ɗaya kewaye da gindi, ƙasansa kuma a yanke yake.

Game da tabbatar da suna, abin da mutum zai iya yi shi ne ya lura da itacen shekara guda cur, ya gwada abin da ya gani da siffar da aka san nau'in da ita. Deshojo yana toho ja wur da wucewar hunturu, ya koma kore a lokacin zafi. Katsura yana farawa da ruwan ɗorawa mai gefen lemo. Kiyohime gajere ne mai bazuwa gefe-gefe, kansa ba shi da ƙarfi. Shishigashira ganyensa a murɗe yake, a cunkushe. Sango-kaku sababbin rassansa ne ke yin ja a hunturu. Arakawa kuwa yakan yi shekaru kafin ɓawonsa ya fara kaushi, don haka ƙaraminsa ba ya bambanta da kowane koren mefil. Wannan gwaji ya fi amfani wajen ƙaryata suna fiye da tabbatar da shi, domin rana, inuwa, taki da girman tukunya duk suna sauya launi da girman ganye, kuma nau'o'i da yawa sun yi kama da juna har ƙwararru kan yi saɓani.

A ganina, mai bonsai bai kamata ya raina tsiron iri ba. Yana da ƙarfi, gindinsa ba tabo, kuma da yawa daga tsofaffin mefil da ake baje kolinsu a Japan koraye ne marasa sunan nau'i. Wanda zai shuka, ya jiƙa irin awa 24, ya ajiye shi cikin yashi mai laima a firij kimanin kwana 90 zuwa 120, sannan ya shuka da yawa, domin amfanin iri yana cikin zaɓe. Ganye biyun farko dogaye ne sirara, ba su da yatsu, kuma ba a yanke hukunci da su. A shekara ta biyu da ta uku sai a ware masu gajeriyar tazara tsakanin gaɓoɓi, masu ƙaramin ganye da gajeren tsinke, masu yawan reshe da kansu. Tazarar gaɓa ta fi launi muhimmanci, domin itace mai dogayen gaɓoɓi da manyan ganye, irin su Bloodgood, yana wahalar da mai son rassa masu laushi. A datse uwar saiwa a dashen farko, a baza sauran a kewaye. A takardar kowane tsiro a rubuta jinsinsa, shekarar da aka shuka shi, da sunan uwar da aka ɗebo irin daga gare ta idan an san shi, tare da bayyana cewa tsiron iri ne, domin kada wanda ya karɓe shi daga baya ya yaɗa shi da sunan da ba nasa ba.